Gargaɗi: akwatin sifikar jita na naira 480,000 da aka cika da tarkace

Naira 480,000. Dubu ɗari huɗu da tamanin, kuɗin da wasu samari masu kiɗan jita a bukukuwa suka daɗe suna tarawa, wani mara tsoron Allah ya karɓe, ya aiko musu da akwatin garin katako da aka manna wa sunan Marshall a goshi. Ni aka kira in duba kayan kafin a biya, tunda gyaran amfilifaya da sifika ne sana'ata, kuma ni na ce a biya. Shi ya sa har yanzu raina yake tafasa. Hotunan hirarmu da shi, da rasit ɗin banki guda biyu, da bidiyon da ya yi mana, duk suna hannuna, zan sa su da zarar na rufe sunayen yaran da lambobinsu.

Abin da ya tallata a Facebook shi ne Marshall 1960A ɗan Kwatano, wato akwati mai sifika huɗu 'yan inci 12, wanda rabinsa na sama ya ɗan kwanta baya domin sautin ya taso wa kunnen makaɗi. Na asali yana ɗauke da sifikun kamfanin Celestion samfurin G12T-75 guda huɗu, kowace wat 75, om 16 (om shi ne ma'aunin juriyar sifika ga wuta), jimla wat 300. A bayansa akwai ramin jak biyu da ɗan makunni: idan ka sa shi a mono, rami ɗaya om 16 ne, ɗayan om 4, idan ka mayar da shi sitiriyo, kowane ɓangare om 8. Nauyinsa wajen kilo 36. Duk wannan mutumin ya faɗe shi daidai, bai yi tuntuɓe ko a wuri ɗaya ba. Ya san kayan. Wanda bai san kaya ba, da tambaya biyu zan kama shi.

Da akwatin ya iso tasha yaran ba su biyo ta shagona ba, don ɗoki. Suna da biki a daren, suka wuce da shi kai tsaye, suka jona shi da kan amfilifayarsu, wato na'urar da ke tura wa sifikun wuta, mai taransista, wat 100, wanda aka rubuta a bayansa ƙarara cewa kada a ba shi ƙasa da om 4. Suka sa a ramin da aka rubuta 16. Ba su gama waƙa ta uku ba sauti ya fara karkarwa, wari ya tashi, fis ya tsinke, kan amfilifayar ya mutu a gaban jama'a. Ba laifinsu ba ne, sun bi abin da aka rubuta a jikin akwati. Washegari babbansu ya shigo da kayan yana cewa, "Oga, ko dai mu ne muka yi kuskuren haɗi?" Na ɗora mita a wannan ramin na 16, ta nuna 1.6. Na sake gogawa, na sauya wayar gwaji, 1.6. Na matsa makunnin sitiriyo, ba abin da ya canza, domin makunnin ba a ma haɗa shi da komai ba, ado ne kawai.

To ku ji yadda ya same mu. Na ce ba za a tura ko kwabo ba sai ya kira mu ta bidiyo a WhatsApp, kuma ya kira. Na ce ya kwance murfin baya a gabanmu, ya ce, "Malam, ai haka ya kamata, kaya irin wannan ba a sayensa da ido rufe." Ya ɗauko sukudireba ya kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya muna kallo. Na ga sifika huɗu iri ɗaya, na ga sandar katakon da ke tsakiya wadda take tokare murfin baya da allon gaba, na ga gefen katakon falayi ne, layi-layi. Na ce ya kawo kyamara kusa da ƙarfen sifikar, ya kawo, na karanta T3760, lambar da G12T-75 mai om 16 take ɗauke da ita. Na ce ya sa mita. Ramin 16 ya ba da 13 da ɗoriya, ramin 4 ya ba da 3.3, da ya mayar sitiriyo kowane ɓangare ya ba da wajen 6.5. Haka ya kamata ya kasance, domin mita juriyar wayar kwayil kawai take aunawa, kullum tana nuna ƙasa kaɗan da lambar da aka rubuta. Na ce ya taɓa batir mai bolt 9 a kan waya, takardun sifika huɗun suka tura gaba tare. Me kuma ya rage in tambaya? Ku gaya min. Na sake kallon bidiyon nan ban san adadi ba, kuma har yanzu ina nan a kan bakana: akwatin da na gani a bidiyo na asali ne. Ba shi aka aiko ba.

Kuma ba arha ce ta ja mu ba, kada wani ya zo min da maganar arha ba ta ado. 550,000 ya fara cewa. Muka yi ta ja, ya ce ba zai sauka ƙasa da 500,000 ba, ya kashe waya, sai daga baya ya kira ya ce don yaran masu neman na kansu ne ya bar shi 480,000. Aka tura 300,000 da farko. Sauran 180,000 sai da ya turo hoton kwali a naɗe da salatif a bayan mota, an rubuta sunan babban yaron da maka a jiki. 300,000 da 180,000. Ga 22,000 na mota, ga 40,000 na gyaran kan amfilifaya, domin taransistocin fitar da sauti sun ƙone duka tare da ƙananan rezistocin da ke ƙafarsu. 542,000 ke nan, kuma babu akwatin da za a yi kiɗa da shi.

Da na kwance murfin na jabun, sukurori biyu juyawa kawai suke yi a rami, sun riga sun cinye katakon. MDF ne, garin katako da aka matse da gam, aka lulluɓe da baƙar leda mai kama da ta asali. Irin wannan katako ba ya riƙe sukuru idan an kwance an ɗaura sau biyu ko uku, kuma da ya sha danshin damina sai ya kumbura ya fara zubewa daga kusurwa. Wani abin takaicin, MDF ya fi falayi nauyi, don haka nauyin da sifikun banza suka rasa, katakon ya cike shi. Yaran sun ɗaga a tasha sun ji nauyi, hankalinsu ya kwanta. Babu sandar tsakiya, murfin baya yana rawa yana ƙara idan an bugi waya mai kauri. Allon gaba ƙusa da gam ne suka riƙe shi.

Sifikun kuwa, huɗu ne, amma ba ko ɗaya da ta fito gida ɗaya da Celestion. Biyu na sama 'yan om 8 ne, irin na akwatunan kiɗan shago, maganaɗisunsu bai kai tafin hannu ba. Na ɗora ɗaya a sikeli, kilo ɗaya da rabi. G12T-75 ta gaske ta haura kilo uku, maganaɗisunta kaɗai wajen kilo ɗaya ne. Ta uku 'yar om 4 ce, irin ta mota, mai roba mai laushi a gefen takarda, alhali sifikar jita gefenta takarda ce mai lanƙwasa-lanƙwasa. Ta huɗu matacciya ce. Na ɗora yatsu a kewayen tsakiyarta na danna a hankali, sai ƙarar gurzawa, alamar kwayil ya ƙone ya kumbura yana gogar maganaɗisu. Ba su ma wahalar da kansu sun haɗa mata waya ba, an ɗaura ta ne don ta toshe rami. Duka huɗun an manna musu sitika mai sunan Celestion da aka buga a firinta, tana ɗagowa da farce, kuma a jikin ƙarfen babu lambar T ko ɗaya.

Ga lissafin da ya kashe amfilifayar. Sun haɗa sifiku ukun faralel, wato duk wayoyin fulos wuri ɗaya, duk na mainos wuri ɗaya. Om 8 da om 8 a faralel suna komawa om 4. Ka ƙara wata om 4 a faralel, ka koma om 2. Shi ne mita ta nuna 1.6. Kan da aka yi don om 4, idan ka ba shi om 2, zai yi ƙoƙarin tura ninki biyu na wutar da aka ƙera shi ya tura, taransista su yi zafi fiye da abin da ƙarfen sanyaya su zai iya kwashewa, su tafi. A akwatin asali, sifika huɗu 'yan om 16 idan an haɗa su duka faralel suna ba da 4. Idan an haɗa bibbiyu a faralel, sannan aka jera rukunin biyu siris, wato ɗaya a bayan ɗaya, suna ba da 16. Daga nan lambobin da ke bayan akwatin suka fito. Da kan nasu mai kwalba ne, wato mai aiki da kwalaben gilashi maimakon taransista, aka saita shi a 16 aka ba shi om 2, da kwalaben za su sha wuya su yi ja, taransifomar fitar da sauti ma tana cikin haɗari, ita kuwa kuɗinta ba na wasa ba ne. Mai kwalba kuma kada a kuskura a kunna shi a buga babu sifika a jone, wannan ya fi saurin kashe taransifomar.

Na manta ban faɗa ba, ko haɗin ma a juye suka yi shi. Da na sa batir, biyu suka tura gaba, ta motar ta ja baya. Idan wata tana turawa wata tana ja a akwati ɗaya, kaurin sautin yana cinye kansa, sai ka ji jita ta zama siririya, makaɗi ya yi ta ƙara murya yana neman abin da babu, amfilifaya kuma tana ƙara ƙonewa. Abin da ya faru da yaran ke nan a filin biki. Batun wat ma ƙarya ne. Ƙarfin akwati ana lissafa shi da sifikar da ta fi rauni, a ninka da yawansu, kuma idan om ɗinsu ya bambanta, a faralel wadda om ɗinta ya fi ƙanƙanta ita take shan rabo mafi yawa. A nan 'yar motar ce take ɗaukar rabin wutar ita kaɗai. Wat 300 a bakinsa ne kawai.

Wani ya ce min ai da na duba ko an rubuta ƙirar Ingila ko ta China da na gane. A'a. Celestion kamfanin Ipswich ne a Ingila, amma tun farkon shekarun 2000 ake ƙera da yawa daga cikin sifikunsa na jita a China, kuma na gaske ne. Rubutun ƙasa ba ya raba gardama, sitika ma ba ta rabawa. Lambar da ke jikin ƙarfe, da girman maganaɗisu, da nauyi, da abin da mita ta faɗa, su ne shaida, kuma duk na duba su. Abu ɗaya ne bidiyo ba zai iya tabbatarwa ba, shi ne cewa akwatin da ke gaban kyamara shi za a sa a kwali. Mutumin nan akwati ɗaya na gaske yake ajiye da shi, da shi yake yi wa kowa bidiyo. Hoton da ya turo na bayan mota, kwali ne a rufe. Kwali. A kan hoton kwali aka tura 180,000.

Da na kira shi a ranar da na buɗe, ya ɗaga, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Subhanallahi, Malam, yaran shago ne suka yi kuskuren lodi, ka ba ni zuwa gobe." Gobe ta yi, ya ce sai mun mayar da wannan da kuɗinmu kafin ya aiko da wancan. Na ce ya fara dawo da 180,000 tukuna a matsayin shaidar gaskiyarsa. Daga nan layi ya daina shiga, ya toshe mu a WhatsApp, tallar ta ɓace daga shafin. Sunan da ke kan asusun da aka tura 300,000 daban, na 180,000 daban, ya ce ɗaya na ƙaninsa ne. Yaran sun kai ƙorafi bankinsu a rubuce, sun kuma kai rahoto ga 'yan sanda da rasit ɗin. Allah ya isa tsakaninmu da shi. Samarin nan kujerun haya da janareto suke ɗauka a ka kafin su hau su yi kiɗa, 480,000 ba daga sama ta faɗo musu ba.

Masu niyyar saye, kada ku cika kuɗi sai akwati yana gabanku ko gaban wanda kuka yarda da shi. Idan dole sai an aiko, a sa mutum naku a garin ya je ya tsaya a naɗe a gabansa, ya ɗauki hoton lambar siriyal da ke bayan akwatin, ya sa hannu da maka a cikin murfin. Asusu biyu masu suna daban-daban, ku janye. Idan ya iso, mita kafin amfilifaya: 16 ta nuna 12 zuwa 14, 8 ta nuna wajen 6 zuwa 7, 4 ta nuna 3 da ɗoriya. Ku kwance baya ku gani da idonku. Kuma ku jona da wayar sifika mai kauri, ba siririyar wayar jita ba, don ita ma tana zafi ta gajarce ta kashe kan amfilifaya.