Kafin Ka Sayi Kwalin Ƙaramin Jirgin Haɗawa: Abin da Hoton Kwali Ba Ya Faɗa

Kwalin farko da na saya, hoton da ke samansa ne ya ja ni: jirgin yaƙi yana keta gajimare, hayaƙi na tashi a bayansa. Da na zauna haɗawa, ɓarin gangar jikin nan biyu suka ƙi haɗa baki, akwai giɓin da farce ke shiga. Gefen kowane yanki ga ɓawon roba da sai an kankare, matuƙin kuwa ba a gane fuskarsa da ƙeyarsa. Sai daga baya na gane cewa kwalin ne kawai sabo, mazubin da aka zuba robar a ciki ya girme ni. Cinikin biri a sama na yi, kuma yawancin masu farawa haka suke yi.

Lambar da ke jikin kwali, wato sikeli, ita ce farkon abin dubawa. In an rubuta 1:72, ana nufin santimita ɗaya a jikin ƙaramin jirgin tana matsayin santimita 72 a na gaskiya. Ɗauki Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11. A 1:72 zai zo kusan santimita 15 da rabi, ya zauna a tafin hannu. A 1:48 santimita 23 ne, a 1:32 ya kai 35, a 1:24 kuwa ya doshi 47. Lissafin nan yana da amfani tun kafin ka biya, domin jirgin da ka gama sai ya samu wurin zama. Lancaster mai inji huɗu, ko a 1:72, fukafukansa santimita 43 ne. Shi ya sa ake yin jiragen fasinja a 1:144: Boeing 747 a wannan sikelin tsawonsa kusan rabin mita ne, da a 1:72 aka yi shi da ya kusa mita guda.

Tsakanin 1:72 da 1:48 ake ta ja-in-ja. Na farkon shi ne tsohon hannu, tun 1936 kamfanin FROG na Ingila ya fara fitar da jiragen roba na haɗawa a wannan sikelin, kamfanin Airfix kuma ya fitar da Spitfire ɗinsa na farko a shekarun 1950. Saboda daɗewar nan, da wuya ka nemi wani jirgi ka rasa shi a 1:72, ga sauƙin kuɗi, ga shi ba ya cin wuri. Aibinsa ƙanƙantar kaya. Sandar tuƙi ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, in ta kuɓuce daga hantsaki ta yi tsalle, sai dai ka durƙusa da tocila kana lalube. Ni dai in mutum idonsa ya fara neman tabarau, ko yatsunsa manya ne, 1:48 nake nuna masa. Abubuwan sun fi kamuwa, ɗakin matuƙi yana ganuwa, wahalar da ka sha a ciki ba ta ɓuya. Shi kuwa 1:32 a bar shi sai hannu ya faɗa.

Amma abin da ya fi sikeli muhimmanci shi ne shekarun mazubi. Mazubin ƙarfe yana da tsadar sassaƙawa, don haka kamfanoni kan yi shekaru aru-aru suna zuba roba a cikinsa, su sauya hoton kwali, wani lokaci ma su sayar wa wani kamfanin ya sa sunansa. Yadda ake gane tsoho ba wuya. Layukan da ke nuna mahaɗar faifan ƙarfe a jikin jirgi, a tsofaffin mazubai a tashe suke, kana shafawa za ka ji su. Da ka goge mahaɗa da samfefa sai su bi ta. A sababbi kuwa an karce su ne ciki, suna nan ko bayan guga, kuma suna riƙe siririn fentin da ke fito da su. Ga misali daga kamfani ɗaya: Tamiya yana da Spitfire Mk.I a 1:48 tun shekarun 1990, sannan ya sake sassaƙa sabo fil a 2018. Suna ɗaya, sikeli ɗaya, amma ba kaya ɗaya ba ne. Airfix yana rubuta Vintage Classics a kan wasu tsofaffin nasa, abin a yaba. Ga sauran, shafin Scalemates yana nuna tarihin kowane kwali da shekarar da aka fara zuba shi. Minti biyu na dubawa ya fi mako guda na cike giɓi.

Ba ina cewa tsoho ba shi da daɗi ba. Yankunansa kaɗan ne, yana da araha, kuma wanda ya iya guga da ciko yana jin daɗin mayar da shi mutum. Sai dai ba shi ya kamata a miƙa wa sabon shiga ba, domin zai ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau.

Game da kamfanoni, kowanne da inda ya fi ƙarfi. Tamiya na birnin Shizuoka a Japan an san shi da kayan da ke shiga juna ba gardama, da takardar bayani mai sauƙin bi, kuɗinsa ne dai ya ɗan ɗaga. Hasegawa, shi ma daga Japan, ya yi suna a jiragen yaƙi masu injin jet. Airfix ya fi kowa yawan jiragen Birtaniya, kuma sababbin mazubansa sun yi wa tsofaffin nisa. Revell yana sa lambar wahala daga 1 zuwa 5 a kwali, sai dai ka tuna cewa yawan yankuna take nunawa, ba ta gaya maka ko za su haɗu lafiya. Academy na Koriya ta Kudu tsaka-tsaki ne a kuɗi da inganci. Eduard na ƙasar Cek yakan fitar da jirgi ɗaya a kwali iri biyu: ProfiPACK, mai ɗauke da siraran yankunan ƙarfe irin su bel ɗin kujera da allon agoguna, da tef da aka riga aka yanka don rufe gilashi lokacin fenti, sai Weekend, wanda galibi roba ce da tambura kawai. Mai farawa ya ɗauki Weekend. Ƙarafan nan sirara ne kamar takarda, gam ɗin roba ba ya kama su, lanƙwasa su kuma sai mai haƙuri.

Irin jirgin ma yana da nasa. Mai farfela ɗaya da fiffike ɗaya kowane gefe shi ne mafi sauƙi. Tsofaffin masu fukafukai hawa biyu suna da kyau a ido, amma sai ka ɗaura musu wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da aka bari da farin ƙarfe, kamar yawancin jiragen yaƙin Amurka na Mustang, yana tona kowane ƙarzane. Mai taya a hanci kuma, in ba ka cusa ɗan darma a hancin kafin ka rufe gangar jiki ba, da ka ajiye shi zai zauna a kan jela, kuma babu sauran ƙofar gyarawa.

Akwai kwalaye na masu koyo da ke zuwa da gam da burushi da ƴan ƙananan fenti. Sun isa a ɗanɗana sha'awar, ko a ba yaro kyauta, haka ma irin waɗanda ake matsawa su kama ba tare da gam ba. Wanda ya san zai zarce gara ya sayi kayan aiki daban: ƴar filaya ta yanke yankuna daga firam ɗin robar da suke zuwa manne da shi, wuƙa mai tsini, samfefa mai laushi, hantsaki, da gam mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin. Gam ɗin nan narkar da robar yake yi ta haɗe, shi ya sa ake haɗa yankunan tukuna sannan a ɗiga shi a mahaɗa ya bi da kansa. Kada sufa gulu ya kusanci gilashin matuƙi, tururinsa yana mayar da shi fari fat. Farin gam na katako ya wadatar.

Fenti kuwa, mai ruwa yana bushewa da wuri, ba wari sosai, ana wanke burushi da ruwa a yawancinsu. Mai mai, irin ƙananan gwangwanayen Humbrol, ya fi kwanciya sumul da burushi, amma yakan so kwana kafin a ƙara wani a kai, kuma sai da iska a ɗaki. Na'urar feshi a jinkirta ta sai bayan jirgi na uku ko na huɗu. Abin da ba a jinkirtawa shi ne kwalbar banishi mai sheƙi: tamburan da ake jiƙawa a ruwa, in aka manna su a kan fenti marar sheƙi, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsu, sai ka ga gefensu yana ƙyalli kamar azurfa. A shafa mai sheƙin tukuna, a manna tambura, su bushe, sannan a rufe da marar sheƙi.