Na sayi tsohon Britannica na gwanjo, ga yadda muka kaya bayan wata shida

Ranar da na shigo da littattafan nan uwargida kallona kawai ta yi ta ce "Malam, su za su kwana a ɗakin mu koma tsakar gida ko?" Kwali uku ne fa, har mai adaidaita sai da ya ƙara min kuɗi. Encyclopaedia Britannica ne, wato kundin ilmi na Turanci mai bayani kan kowane fanni, bugun 1985, wajen wani mai tsofaffin littattafai na samu, ya rantse min cikakke ne guda 32, da na zo gida na ƙirga 31, kuma gara ta ɗan lasa gindin guda biyu. Na haƙura.

Abin nan ya tsufa wallahi. A Edinburgh ta Scotland aka fara buga shi a 1768, shekara 36 kenan kafin jihadin Shehu Ɗanfodiyo, kuma bugun farkon juzu'i uku ne kacal. Daga baya ya koma hannun Amurkawa, ofishinsu na Chicago, a 2012 suka ce sun daina bugawa a takarda sai dai intanet.

Tsarinsa ne ya fara rikita ni. Ashe kashi-kashi ne, Micropaedia guda 12 na gajerun bayanai, Macropaedia guda 17 na dogayen maƙaloli, sai Propaedia ɗaya mai jero fannonin ilmi a tsare, da fihirisa biyu. Sati guda ina ta buɗe Macro ina neman ƙaramin abu ban gani ba ina ta tsaki, ashe daga fihirisa ake farawa ita za ta ce maka je juzu'i kaza shafi kaza. Da na gane kuwa shikenan, ka shiga neman abu ɗaya ka tsinci kanka kana karanta yadda jini ke zagaya jiki har a kira la'asar baka sani ba, ba data ba caji ba talla.

Amma fa a cikin nawa har yanzu Legas ce babban birnin Najeriya, jihohi 19, Tarayyar Sobiyet na nan daram. Yarona ya kwafi adadin jihohin a aikin gida malaminsu ya zabga masa jan biro, ya dawo yana kumbure-kumbure wai littafin Baba ƙarya yake. Yanzu tarihin da da lissafi da su falsafa nake barinsa ya duba a ciki, abin da ya shafi yau kuma a waya. Juzu'i na 17 da ya ɓata har yanzu ina cigiya, in akwai mai shi.