Ta gwamnati ko ta kuɗi: abin dubawa kafin ka sa yaro makaranta a ƙaramin gari

A ƙaramin gari zaɓin bai cika wuce uku ba: firamaren gwamnati, makarantar kuɗi, ko Islamiyya mai haɗawa da boko. Kowacce ka nufa, ka je da ƙafarka a tsakiyar zango, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin da ba a shirya wa baƙo ba.

Ta gwamnati kyauta ce a doka. Dokar UBE ta 2004 ta ba kowane yaro shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kodayake inifom da littattafan rubutu suna kanka, wani wurin har da kuɗin PTA. Yawancin malamanta suna da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya. Ciwonta cunkoso ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35, amma sau da yawa sai ka leƙa aji ɗaya ka tarar da yara zaune a ƙasa har bakin ƙofa. Yawan sunaye a rajista kada ya burge ka. Roƙi hedimasta ya nuna maka littafin kiran suna, ka ga nawa ke zuwa ranar kasuwa da lokacin girbi.

A ta kuɗi aji ƙarami ne, malami kuma ba ya fashi, don mai makaranta na tsaye a kansa. Sai dai albashin ba ya riƙe mutum, shi ya sa malamai ke yawan sauyawa, wasunsu ma sakandare kawai suka gama. Tambayi ko ma'aikatar ilimi ta jiha ta yi mata rajista. In sakandare ce, a ina ɗalibanta ke zana WAEC da NECO?

Islamiyya mai boko tana rage maka biyan wuri biyu, amma ka duba awa nawa ake ba lissafi da Turanci.

Abin da na fi yarda da shi shi ne littafin ɗan aji uku. Buɗe ka ga ko akwai jan biron malami a makon nan, sannan ka ba shi layi biyu na Hausa ya karanta. Yaron da ke rera waƙar Turanci tiryan-tiryan amma ya kasa haɗa baƙi, iyayensa asarar kuɗi suke yi.

In malaman ta gwamnati na shiga aji, kwamitin SBMC (na iyaye da mutanen gari masu sa ido kan makaranta) kuma na zama, ni zan bar yaro a can, in sa kuɗin a littattafai da lesin na yamma. A jihar Kano ma wannan hanyar tana iya kai yaro makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe a 1977, waɗanda ake shiga ta jarrabawa bayan aji uku na ƙaramar sakandare.