Na'urar Tuƙi Mai Bin Iska da Sauran Gyare-gyaren da Na Yi wa Contessa 26 Domin Tafiya Ni Kaɗai

Jirgin da zan yi magana a kansa samfurin Contessa 26 ne, ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska wanda Jeremy Rogers ya fara ƙerawa a garin Lymington na kudancin Ingila a shekarar 1966, shi da David Sadler, bisa fasalin jirgin Folkboat na ƙasashen arewacin Turai. Tsawonsa bai cika mita 8 ba, faɗinsa kimanin mita 2.3 ne, nauyinsa kuwa ya kusa tan biyu da rabi. A irinsa ne Tania Aebi ta zagaya duniya tsakanin 1985 da 1987, saboda haka babu mai shakkar juriyarsa a teku. Na hannu na saya, kuma galibin tafiye-tafiyena a mashigin Solent nake yin su, tsakanin gaɓar Ingila da tsibirin Wight, sai in yanayi ya yi kyau in tsallaka zuwa Cherbourg a Faransa. Abin da na tarar a cikinsa kayan mutum biyu ne ko uku, ni kuwa ni kaɗai nake fita, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk kuɗin da na kashe daga baya na kashe su ne wajen neman abin da zai maye gurbin abokin tafiyar da ba ni da shi.

Matsalar mai tafiya shi kaɗai a sandar tuƙi take farawa. Muddin hannunsa yana kanta, ba zai iya rage ƙyallen iska ba, ba zai duba taswira ba, ko ruwan shayi ba zai ɗora ba. Abin da na fara saya shi ne na'urar tuƙi mai amfani da lantarki, wadda siffarta ta yi kama da gajeriyar sanda, ana kafa gindinta a gefen mazaunin matuƙi, bakinta kuma a maƙala shi a sandar tuƙi. Tana da kamfas a cikinta, ka danna mata maɓalli ta riƙe maka alkiblar da jirgin yake fuskanta. A ruwa mai lafawa, ko lokacin da inji ke aiki, ba ni da abin da zan ce da ita sai yabo, musamman a bakin tasha inda nake buƙatar jirgin ya fuskanci iska daidai har in gama ɗaga babban ƙyalle. Amma da zarar raƙuman ruwa sun fara dukan jirgin daga baya, sai ta riƙa makara wajen gyara alkibla, tana turawa tana janyowa ba hutawa, batir yana ta ƙarewa. Wannan jirgi kuma an san shi da jiƙa matuƙinsa saboda gefensa ba shi da tsawo daga ruwa, don haka ruwan gishiri ya sami hanyar shiga cikin tawa, har ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar tafiya. Na ɗinka mata riga ta tamfal, ta daɗa jurewa, amma na fahimci cewa ba ita zan damƙa wa jirgin a doguwar tafiya ba.

Daga nan ne na koma ga na'urar tuƙi mai bin iska, wadda ita ce ainihin dalilin wannan sharhi. Kuɗinta ya ninka na mai lantarkin sau da yawa, kuma na daɗe ina jinkiri kafin in biya. Fasaharta ba sabuwa ba ce. Blondie Hasler, tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya, shi ne ya inganta ta a farkon shekarun 1960. Shi ne kuma ya ƙirƙiro gasar tsallaka tekun Atlantika ta mutum ɗaya, wadda aka fara a 1960 daga Plymouth zuwa New York, inda Francis Chichester ya zo na ɗaya cikin kwana 40, Hasler kuma ya bi bayansa cikin kwana 48 a ƙaramin jirginsa mai suna Jester, wanda shi ma Folkboat ne aka sauya masa fasali. Wato dai a kan ɗan uwan jirgina aka gwada wannan dabara tun farko, kuma ana gane haka da zarar an ɗaura ta, domin allon tuƙin Contessa a bayan jirgin yake rataye, sandar tuƙi kuma tana kusa, igiyoyi ba sa yin doguwar tafiya kafin su isa gare ta.

Yadda take aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda bai fahimce shi ba zai zargi na'urar da laifin da ba nata ba. A sama akwai wani siririn allo mara nauyi da ake juya gefensa ya fuskanci iska. Idan jirgin ya kauce daga hanya, iska sai ta bugi fuskar allon ta karkatar da shi. Wannan karkatawa ba ta da ƙarfin juya jirgi, iyakarta ta ɗan murɗa wani dogon allo da ke nutse a ruwa a bayan jirgin. Ruwan da ke wucewa da gudu shi ne yake ture wannan allon na ƙasa gefe da ƙarfi, allon ya ja igiya, igiyar ta ja sandar tuƙi, jirgin ya dawo kan hanya. Iska tana ba da umarni ne kawai, ruwa ke yin aikin, shi ya sa ƙarfin na'urar yake ƙaruwa duk lokacin da gudun jirgin ya ƙaru, daidai lokacin da mai lantarkin take gazawa. Ba ta shan ko ɗigon lantarki, ba ta ƙara, kuma idan wani abu ya lalace a jikinta, abu ne da ido yake gani kuma sifana take iya kwancewa.

A kan hanyar Cherbourg na ga amfaninta sosai. Daga duwatsun Needles da ke ƙarshen yammacin tsibirin Wight zuwa can kimanin mil 60 ne na teku, wanda ga jirgi irin nawa tafiya ce ta awa goma sha biyu zuwa goma sha biyar. Iska tana busowa daga kudu maso yamma da matsakaicin ƙarfi, na daidaita allon sama, na saƙala sarƙar igiyar a ƙugiyar sandar tuƙi, na sake hannuna. Sandar ta riƙa motsi kaɗan-kaɗan hagu da dama, ba ta wuce faɗin tafin hannu, idan wani babban raƙumin ruwa ya ɗaga bayan jirgin kuwa sai in ga allon ƙasa ya fita gefe tun kafin goshin jirgin ya gama juyawa. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki inda feshin ruwa bai cika isa ba, na ci abinci da hannu biyu, na rubuta matsayin jirgi a taswira kowace awa, idona kuma yana kan teku. Gajiyar da nake isa da ita a da, wadda take sa mutum ya yi kuskuren lissafi a bakin tasha, ta ragu ƙwarai.

Tana da sharuɗɗanta, kuma gara mai saye ya san su tun da wuri. Iska take bi, ba kamfas ba, saboda haka idan iska ta juya, jirgin zai juya tare da ita ba tare da ya sanar da kowa ba. A tsakiyar teku wannan ba wani abu ba ne, amma a mashigin Hurst, ƙofar yamma ta Solent, inda ruwa ke gudu da ƙarfi tsakanin gaɓa biyu masu kusanci da juna, ba na barinta ta tuƙa ko na minti ɗaya. Idan iska ta yi rauni kuma daga baya take busowa, allon sama ba ya samun abin da zai karkatar da shi, jirgin sai ya riƙa yawo. Abu mafi muhimmanci shi ne ba ta yarda da jirgin da ƙyallensa ya yi masa yawa. Matuƙi na iya danne sandar da ƙarfin damtse ya ci gaba da tafiya, ita kuwa sai a rage babban ƙyalle da wuri har jirgin ya daidaita da kansa, sannan ta karɓi aiki. A wannan fanni ta koya mini daidaita ƙyalle fiye da duk wani malamin da na taɓa fita da shi. Tana kuma ƙara wa jirgin tsawo ta baya, tashoshi da yawa kuwa da tsawon jirgi gaba ɗaya suke lissafin kuɗin ajiya.

Tunda rage ƙyalle ya zama aikin da ake yi a kai a kai, sai na mayar da igiyoyinsa daga gindin turken da ke ɗauke da ƙyalle zuwa mazaunin matuƙi, ta yadda ba sai na taka saman jirgi yana tangaɗi ba. A nan sakamakon rabi da rabi ne. Tsarin da ake rage ƙyalle da igiya ɗaya tak yana da daɗin ji a bakin mai sayarwa, amma igiyar tana bi ta ƙafafun juyi da yawa, kowace tana cin nata ƙarfin, har jan ya yi nauyi, ƙyallen kuma bai ɗaure da kyau ba. Na cire shi na sa igiya biyu ga kowane mataki, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Igiyoyi sun yi yawa a ƙafata, amma aikin yana ƙarewa cikin ɗan lokaci. Na'urorin naɗe igiya masu riƙe ta da kansu kuwa kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin hannu ɗaya ya isa a ja ƙyallen gaba.

Akwai haɗarin da na'urar tuƙi take kawowa da kanta, wato idan matuƙi ya faɗa ruwa jirgin ba zai tsaya ba, zai ci gaba da tafiyarsa a miƙe. Ruwan mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa ko a tsakiyar lokacin zafi sanyi gare shi, kuma babu mai iya kamo jirgin da ke gudun mil huɗu ko biyar a awa da iyo. Saboda haka na shimfiɗa ɗamara biyu masu ƙarfi daga baya zuwa goshin jirgi, na matsar da su kusa da tsakiya gwargwadon iko, ina maƙala kaina a jikinsu da gajeriyar igiya daga rigar ceto. Gajartar ita ce muhimmiya, domin doguwar igiya tana barin mutum ya wuce gefen jirgi ruwa ya riƙa jansa. A aljihun rigar akwai ƙaramar na'urar neman agaji mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam a kan mita 406 megahaz.

Na'urar AIS, wadda ke nuna suna da gudu da alkiblar manyan jiragen da ke kewaye, ita ce kaɗai kayan lantarkin da zan ce wajibi ne ga mai tsallakawa Faransa, saboda yawan jiragen dakon kaya da ke ratsa wannan hanya. Dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta ta ga jiragen da suka kai tan 300 masu tafiya tsakanin ƙasashe, kuma tana yin ƙarar gargaɗi idan lissafinta ya nuna wani zai matso kusa. Sai dai ƙananan jiragen masunta da yawa ba sa bayyana a cikinta, balle igiyoyin tarkon ƙaguwa da ke shawagi kusa da gaɓa, kuma doka ta 5 cikin dokokin hana karo a teku ta 1972 ba ta ɗauke wa mai tafiya shi kaɗai nauyin sa ido ba. Farantin sola guda ɗaya yana ciyar da ita da rediyo da fitilu, abin da ba zai yiwu ba da na'urar tuƙi mai lantarki ce take aiki yini guda. Babban allon taswira na lantarki mai tsada kuwa ban saya ba, kuma ban ji rashinsa ba.

Abin da har yanzu yake ba ni wahala shi ne shiga tasha. Jirgi mai dogon ƙashin ciki, wato ƙashin da ya bi tsawon ƙasan jirgi a cikin ruwa, irin wannan ba ya jin tuƙi idan ana ja da baya, ga kuma na'urar iska a bayansa da ake tsoron ta bugi wani abu, shi ya sa nake ɗage allonta daga ruwa tun kafin in shiga. Maganin da na samu shi ne mafi araha cikin duk abin da na saya, wato ƙarfen ɗaure igiya guda a tsakiyar kowane gefe na jirgin. Ina shirya igiya a jikinsa tun daga waje, da na iso sai in jefa madaukinta a kan ƙarfen gadar da ake ɗaure jirage a tasha daga inda nake zaune, in bar inji yana turawa gaba a hankali, sandar tuƙi a karkace, jirgin ya manne da gada ya tsaya har in sauka in ɗaure gaba da baya.