Kujerar ƙofar gaggawa: na biya, ban zauna ba

Na saba hawa jiragen nan masu arha tsakanin Riyad da Jidda, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba, kuma ban taɓa ba da ko riyal ɗaya don zaɓen kujera ba. Duk inda aka jefa ni, nan nake zama. Wannan karon Hajiyarmu ce ta zo daga Kano za mu yi umara, ga ciwon gwiwa, sai na ce bari in yi bajinta. Na sayi kujeru biyu a layin ƙofar gaggawa, na kan fiffike, inda mutum ke miƙe ƙafa son ransa.

Ko gama zama ba mu yi ba ma'aikaciyar jirgin ta iso, da murmushinta, ta ce dattijuwa ba ta zama a nan, sai mai ƙarfin buɗe ƙofar in wani abu ya taso. Gaskiyarta, ko'ina haka dokar take. To amma manhajar da na rubuta wa shekarar haihuwar Hajiya, don me ta karɓe min kuɗi? Na san akwai wani ɗan rubutu da na danna ban karanta ba, wa ke karanta shi?

Jirgin A320 ne, uku nan uku can, kuma ya cika maƙil. Aka kai mu layin ƙarshe, jikin banɗaki, kujerar da ba ta kwantawa baya. Ana sanar da cewa mun kusa miƙatin Ƙarnul Manazil, sai ga mazan da ba su ɗaura harami daga gida ba sun yi layi a kanmu, kowa da farin ƙyallensa a hammata. Wannan ya buge ni da gwiwar hannu, wancan ya dafa kan kujerar Hajiya. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ita ce wannan ta kuɗin?"

Sai dai ba zan ci haƙƙinsu ba. Ma'aikaciyar ta dawo ta ba Hajiya ruwa kyauta, a jirgin da ruwa ma sayarwa ake yi, ta kuma sa ta gefen hanya don ta ɗan saki ƙafa. Da jirgi ya ɗauki talbiyya, har fushin ya sauka.

A Jidda fushin ya dawo. Mu ne na ƙarshen fita, Hajiya tana dafe da ni. Mai tafiya da tsoho ya nemi kujerar gefen hanya, wato C ko D, a layukan gaba, ya manta da ƙofar gaggawa. Kuɗin kujerar kuwa, sau biyu ina tura saƙo, har yau ana "dubawa".