Motar ƙugiya a kan titi: takardun Birtaniya da na Amurka

Malam, ka tambaya ko lasisin babbar mota ya isa ƙanenka ya yi aikin motar ƙugiya, wato motar da ke ɗauke da injin ɗaga kaya masu nauyi, a Birtaniya ko Amurka. Bai isa ba. Tuƙa motar a titi takarda ɗaya ce, ɗaga kaya da ita wata ce daban.

Mu fara da tuƙi. A Birtaniya, tun daga 1999, ƙugiya mai nauyin tan 3.5 zuwa 7.5 sai da lasisin C1, wadda ta wuce haka kuma sai C. A Amurka kowace jiha ke ba da lasisin CDL, wato na tuƙin manyan motocin kasuwanci, kuma motar da ta kai fam 26,001, kusan tan 11.8, tana buƙatar aƙalla aji B. Ƙetare iyakar jiha da ita sai mai shekara 21.

Wajen ɗaga kaya ne bambancin ya fi fitowa. Hukumar OSHA, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata a Amurka, ta wajabta satifiket tun Nuwamba 2018 ga mai sarrafa ƙugiyar da ke ɗaga fiye da fam 2,000 a wurin gini. Galibi na NCCCO ake yi, wata ƙungiya mai tantance masu sarrafa ƙugiya: jarrabawar rubutu da ta gwaji, shekara 5 yake aiki. Ko da shi a hannu, dole mai kamfani ya gwada mutum a kan injin da zai hau. Birnin New York ma yana da nasa lasisin a kan wannan.

Dokar Birtaniya ba ta ambaci wani kati ba, cewa kawai ta yi a horar da ma'aikaci yadda ya kamata. Amma manyan 'yan kwangila ba sa barin kowa ya hau injin ba tare da katin shaidar iya sarrafa injinan gini irin na CPCS ba: ja na shekara 2 ga sabon hannu, shuɗi na shekara 5 bayan ya samu NVQ, wato shaidar ƙwarewa a sana'a. Inda mutane ke faɗawa shi ne barin jan ya ƙare kafin su kammala NVQ ɗin.

Motar ita ma tana da tata takardar, amma wannan aikin kamfani ne. Idan ta wuce tan 44 a Birtaniya, sai an sanar da masu kula da tituna da gadoji aƙalla kwana 2 na aiki kafin a fita. A Amurka iyakar nauyi a manyan titunan tarayya fam 80,000 ne, kuma idan motar ta wuce haka, duk jihar da za a ratsa sai an nemi izininta daban.

Ƙanenka ya fara da lasisin tuƙin ƙasar da zai je, domin satifiket ɗin ɗayarsu ba ya maye gurbin na ɗayar.