Aikin canza faifan wuya da aka yi ma Yayana: ra'ayina

Masu tambayata a kan aikin wuyan Yaya, ga bayani nan. Ni dai a wurina aikin ya yi, amma ba kowa zan ce ma ya je ba.

Tela ne shi a Babbar Kasuwa ta Katsina, kullum kai a duƙe kan keke, har ciwo ya fara sauko mashi daga wuya zuwa hannun dama, babban yatsa da manuni suka sage, almakashi ma faɗuwa yake daga hannunshi. An sha magani, an yi gashin ƙashi wata da watanni babu sauƙi, sai hoton MRI ya nuna faifan, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na 5 da na 6 a cikin ƙasusuwan wuya guda 7, ya lalace yana danne jijiya.

A wani asibitin kuɗi a Alƙahira aka yi. Abin da ya fi burge ni likitan bai ɓoye mana komai ba, ya ce hanya biyu ce, ko a cire faifan a haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya, ko a sa na ƙarfe da roba wanda zai bar wurin yana motsi. Sai da ya duba ƙarfin ƙashin Yaya tukuna, don wanda ƙashinshi ya zaizaye ko sanyin ƙashi ya ci gaɓoɓin bayan wuyanshi bai dace da wannan ba. Irin wanda aka sa mashi Mobi-C ne, wanda hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 2013.

Ta gaban wuya suka shiga, ɗan yanka kaɗan a kan layin fata, yanzu sai ka matso kusa za ka ga tabon. Washegari ya miƙe da ƙafarshi, ciwon hannun nan da ke hana shi barci ya tafi wallahi, sagewar yatsu ce ta ɗauki lokaci. Ya sha wahalar haɗiya da dashewar murya kwanakin farko, kunu da koko kawai yake iya sha, dama an faɗa mana hakan na faruwa. Wuyan kanshi har yau yakan riƙe idan ya daɗe a kan keke.

Inda raina ya ɓaci shi ne bayan dawowarmu. Kafin a biya kuɗi ko da tsakar dare ka tura ma asibitin saƙon WhatsApp za a amsa, da muka iso gida kuwa sai ka turo hoton ƙashi a yi shiru, ga ejan ɗin da ya haɗa mu da asibitin ya ƙara nashi a kan kuɗin masauki. Don Allah duk mai niyya ya fara samun likitan ƙashin baya ko na jijiya a nan Katsina ko Kano wanda zai ci gaba da duba shi, ya kuma karɓo rahoton tiyatar da sunan faifan a rubuce kafin ya baro asibitin.